Igiyar Mista Lam

Asabar, 5 ga Mayu, 1973

Ɗanjuma direban ofishinmu ya ja ni silima a Titi na 42 a nan New York bayan azahar. Na bi shi ne kawai don kada ya ce akawu ya raina direba. Fim ɗin mutanen Sin ne, irin wanda duk garin nan ya haukace a kansa bana. Na shiga ina yatsina, na fito bakina a buɗe.

Wani siririn mutum ne, mayaƙa bakwai suka tare shi a kan gada, kowa da takobi. Shi ba shi da ko sanda. Sai ya kwance ɗamararsa. Ashe igiya ce, da dunƙulen ƙarfe a bakinta. Ya juya ta, ya naɗe ta a gwiwar hannu, ya sake ta, ƙarfen ya tafi ya dawo kamar an aike shi. Ban san na miƙe tsaye ba sai da na bayana ya ja mini riga. Igiya fa. Abin da muke ɗaure akuya da shi.

Ɗanjuma ya ce duk dabarar masu ɗaukar hoto ce. Ni ban yarda ba.

Litinin, 7 ga Mayu

Na karɓo wa matata Hasiya tikitin jirgin sama. Asabar 14 ga Yuli, zuwa Kano. Na sa shi a aljihun tebur ƙarƙashin takardu, ban gaya mata ba tukuna. Zan gaya mata in lokaci ya matso.

Ina so in rubuta dalilina a nan don kada wata rana in zargi kaina. Hasiya ba ta yi mini laifi ba. 'Yar kawuna ce, Inna ce ta riƙe ta tun tana ƙarama, kuma ni na ce ina so, ba wanda ya tilasta mini. Amma shekara ɗaya da rabi a New York, Turancinta bai wuce gaisuwa ba. Ran walimar ofis ta durƙusa har ƙasa ta gai da maigidanmu a gaban Turawa, aka yi tsit. Sannan wata Baturiya ta ba ta hannu, ta riƙe tafin Hasiya tana juya shi tana nuna wa ƙawarta kantar da ke ciki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Washegari na sayo mata farar safar hannu, na ce duk inda za mu ta riƙa sawa. Tun daga ranar ma ban sake fita da ita ba.

Gida zai fi mata sauƙi. Haka na gani.

Alhamis, 10 ga Mayu

Na kai riguna shagon wankin Mista Lam, tsohon Basinen da ke ƙasan benenmu. Shekara biyu ina kai masa kaya, ban taɓa ce masa komai ba bayan sannu. Yau na tambaye shi zancen igiyar nan, ko da gaske akwai ta.

Ya dube ni ta saman tabarau, ya jawo jaridarsu mai rubutu daga sama zuwa ƙasa. Ya ce kullum akwai labarin mayaƙa a shafin baya, ana ci gaba da shi kashi-kashi, shekara ashirin ke nan yana bi. A labaran, in ji shi, masu takobi su ne 'ya'yan manya. Mai igiya kuwa yawanci wanda ba a kula da shi ne, mai dafa shayi ko mai tura jirgin ruwa, don makaminsa ba ya nuna kansa. Sunan igiyar da harshensu yana nufin gudumar tauraruwa mai wutsiya.

Sai ya shiga ciki ya fito da ita. Wallahi ya fito da ita. Igiya gaba uku, ta yi baƙi don hannu, ƙarfen kamar ƙwan agwagwa, da jan ƙyalle ɗaure a wuyansa. Ta kawunsa ce. Ya ce shi kafaɗa ta hana shi yanzu.

Lahadi, 13 ga Mayu

Na fara littafi. Labarin yaƙi irin nasu, amma da Hausa, a ƙasarmu. Ba wanda ya taɓa yi. Jarumin sunansa Lado, dogo, mai ilimi, ya san harsuna uku. Na buga shafi shida a tafireta. Hasiya ta ajiye mini shayi ta tambaya ko aikin ofis ne, na ce abin da ba za ta gane ba ne.

Lahadi, 20 ga Mayu

Mista Lam ya ara mini igiyar, na ce masa marubuci sai ya riƙe abu kafin ya rubuta shi. Ya ce in fara da ƙullin tsumma a madadin ƙarfen. Na ce to, don dai a rabu lafiya.

Na ture kujeru a falo. Juyi na farko lafiya, na biyu lafiya. Na uku ƙwan lantarki ya tarwatse, na ɗaga kai in duba, ƙarfen ya zagayo ya same ni a bayan kunne. Na farka ne kaina a cinyar Hasiya tana danna mini tsumma da ruwan ɗumi. Ba ta yi dariya ba. Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta dai ɗauki igiyar ta naɗe ta cikin ƙiftawar ido, ta ɗora a kan kabad.

Litinin, 21 ga Mayu

A ofis na ce ƙofar lifta ce. Ɗanjuma ya ce lallai liftar unguwarmu ta Bronx ta iya faɗan Sin.

Laraba, 30 ga Mayu

Wasiƙa daga gida, Malam Jibrin na makarantar firamare ya rubuta wa Inna. Fari ya yi tsanani. Rijiyar garinmu ta ja baya, an ƙara wa igiya gaba biyar, yanzu talatin da biyar. Mata na yini a bakinta. Inna ta ce kada mu damu, tana samun mai taimaka mata wani lokaci.

Na karanta wa Hasiya. Ta sa na maimaita wurin gaba talatin da biyar, sannan ta tashi ta shiga kicin. Na ji famfo yana zuba, ta rufe, ta buɗe, ta rufe.

Ga dama ta samu in gaya mata zancen tikiti, kamar don Inna na yi. Ban iya ba.

Juma'a, 8 ga Yuni

Wannan kam sai na rubuta shi.

Daga masallaci ban koma ofis ba, kaina na ciwo. Na iso gida wajen ƙarfe uku, Hasiya ba ta nan. Igiyar ma ba ta kan kabad. Na hau saman bene inda mata ke shanya, ina shirya faɗan da zan yi mata a kan taɓa kayan mutane.

Tun daga matakala na ji wani sauti, fuu, fuu, sannan ƙarar gwangwani. Na leƙa ta ƙofar.

Hasiya ce. Ta ci ɗamara da mayafinta, ba takalmi. Ta jera gwangwanayen madara biyar a kan katanga. Igiyar tana zagaya ta, ta bi ta gwiwar hannu, ta bi ta bayan wuya, ta sauko ta ƙafa, sai ta sake ta. Gwangwani ya yi sama. Kafin ya faɗo ƙarfen ya dawo hannunta. Na biyu. Na uku. Ba ta ko haki. Fuskarta kuwa, ban taɓa ganin ta haka ba tunda ta zo ƙasar nan, tana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. A gefe ga Mista Lam zaune a kan akwatin katako, hularsa a gwiwa, yana kaɗa kai.

Na huɗun ta kuskure. Ta yi tsaki, ta ce da Hausa, “Iska ce.” Tsohon ya amsa da harshensu, su biyun suka yi dariya.

Na sauko a hankali kamar ɓarawo, na fita na zaga unguwa har biyar ta yi, na dawo na yi sallama. Igiyar tana kan kabad. Tuwo yana kan tebur.

Asabar, 9 ga Yuni

Yini na yi ina satar kallon hannunta. Ta tambaya ko miyar ce ba ta yi ba.

Talata, 12 ga Yuni

Na je wurin Mista Lam ba tare da kayan wanki ba. Na ce na gani. Bai ko ji kunya ba. Ya ce mako biyu ke nan, ya hau shan iska ya tarar tana juya igiyar don ta warware murɗewar da na yi mata. Abu biyu kawai ya nuna mata, na gwiwar hannu da na ƙafa, sauran da shi ta zo. Kawunsa ya shekara uku kafin ya kai inda take.

Na ce ta yaya suke magana, ita ba Turanci, shi ba Hausa. Ya ce ba su bukata sosai. Sannan ya tambaye ni wane malami ne ya koyar da ita a ƙasarmu, don yana so ya san sunansa.

Na tsaya kamar gunki. Matata ce, gida ɗaya muka tashi, kuma ban san amsar ba. Na ce zan tambaya.

Lahadi, 17 ga Yuni

Ban tambaya ba. Na bi ta bayan gida, na ce bari in karanta mata babi na uku ta ji. Ta zauna a ƙasa tana tsince shinkafa. Na karanta wurin da Lado ya damƙe igiya da dukkan ƙarfinsa, ya wurga ta, ya fizgo ta har jijiyoyin wuyansa suka tashi.

Ta ce labarin da daɗi. Na ce ta faɗi gaskiya. Ta fitar da tsakuwa biyu, sannan ta ce, “Malam, wanda ya rubuta wannan bai taɓa jan ruwa ba.”

Na ce ni na rubuta. Ta ce ta sani.

Wai ba a damƙe igiya, in ka damƙe ta za ta cinye maka hannu kafin hantsi. Sakar mata ake yi, nauyin da ke bakinta ya yi aikin, kai dai ka saurara da tafin hannu ka ji inda yake. Wai Lado da ya yi yadda na rubuta, da kansa zai fasa. Ta ɗan dubi bayan kunnena, ta mai da ido kan shinkafa.

Na ji haushi ƙwarai. Na shiga ɗaki na sake karanta babin, na ga gaskiyarta, haushin ya ƙaru.

Lahadi, 24 ga Yuni

Yau na tambaya. Ta yi mamakin tambayar, kamar na ce wa ya koya mata tafiya.

Ta ce tun tana shekara tara take ja a rijiyar garinmu, guga ashirin da safe, goma da yamma. In gugan wani ya tsinke ya faɗa, ita ake kira da ƙugiya, don tana jin sa ta igiya ko da ba a hango ruwan. Da rani kuma sai ta ɗaura dutse a igiya ta wurga kan reshen gawo ta karkaɗo wa awakin Inna 'ya'yansa. Reshen da ta nuna, shi za ta samu.

Na ce ni ban taɓa ganin ta tana yi ba. Ta ce ai lokacin ina makaranta a Kano, in na zo hutu kuma ina ɗaki da littafi.

Sai ta ƙara, ba da wata manufa ba, tana ninke zane: “Ruwan da kake wanka da shi sau biyu a rana in ka zo hutu, ni nake ja. Inna ta ce ɗan makaranta ba ya son ƙura.”

Shekara bakwai ina zuwa hutu. Na zaci randa ita ke cika kanta, ko me na zata? Ban zaci komai ba, shi ne abin. Kantar nan da Baturiya ta juya tana kallo, wadda na saya wa safa, ni na sa mata ita.

Ban ci abincin rana ba.

Laraba, 27 ga Yuni

Na yanke shawara. Zan mai da tikitin. Ba sai ta san an taɓa sayen sa ba. Zan kai ta ajin Turanci na matan ma'aikata, in kai ta ta ga jirgin ruwan da ke zuwa tsibirin Staten Island. Raina ya yi fari tun da safe, har na yi wa Ɗanjuma wasa.

Asabar, 30 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Bayan karin kumallo na ce mata ta shirya gobe za mu fita, kuma daga yanzu abubuwa za su canza. Na yi jawabi mai kyau, na shirya shi tun jiya. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “To takardar jirgin fa?”

Cokali ya faɗi daga hannuna.

Ta ce tun farkon watan jiya ta gan ta, ranar da take goge tebur. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san irin takardar da ta zo da ita, mai hoton jirgi. Ta duba ko biyu ne, ta ga guda ɗaya. Ta kai wa Indo matar Ɗanjuma ta karanta mata ranar, ta dawo da ita inda take. Mako bakwai tana dafa mini abinci tana jira in buɗe baki.

Na ce kuskure ne, na fasa, ranar Litinin zan mayar.

Ta ce, “Kai ka fasa, Malam. Ni ban fasa ba.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce gaba talatin da biyar ba aikin tsohuwa ba ne, kuma mai taimaka wa Inna wani lokaci, ta san ma'anarsa, babu kowa ke nan. Ta ce a can in ta fito da hannunta ba wanda zai ce ta rufe. Na ce to yaushe za ta dawo. Ta ce da za ta zo ba a tambaye ta ranar dawowa ba, da za a mai da ita ma ba a tambaye ta ba, yanzu kuma ba ta da amsa a shirye.

Na ce ni mijinta ne, ina iya hana ta. Ta ce haka ne. Ta tsaya tana duba na, tana jira in hana. Na kasa.

Alhamis, 5 ga Yuli

Na sayo mata atamfa, ta yi godiya ta sa a akwati, ta ce za ta yi wa Inna kyau. Na roƙi Indo ta yi mata magana. Indo ta ce ita ba ta shiga, kuma da ni ƙaninta ne da ta ja mini kunne tun ran safar hannu. Ashe kowa ya sani.

Lahadi, 8 ga Yuli

Mun hau jirgin ruwan. Ta tsaya a bakin ƙarfe tana kallon yadda ma'aikata ke wurga igiya su ɗaure shi a tashar St. George. Ta ce na hagun ya iya, na daman yana wahalar da kansa. Shekara ɗaya da rabi, da kuɗin shiga da bai kai na shayi ba, ban taɓa kawo ta ba.

Asabar, 14 ga Yuli

Ɗanjuma ya kai mu filin jirgi. Da za mu fito Mista Lam ya rufe shago, abin da ban taɓa gani ba da rana, ya miƙa mata igiyar, wadda na riga na mayar masa, a naɗe cikin jarida. Ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa har ƙasa a bakin titi ta yi godiya. Shi ma ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba. Mutane na wucewa suna kallo. Na jira in ji kunyar nan ta zo, ba ta zo ba.

Sai ta juya ta ba ni igiyar. Ta ce can akwai igiya da yawa, wannan in riƙe, littafina bai ƙare ba. In fara da tsumma kamar yadda tsohon ya ce.

Muka bi ta unguwar Jamaica har filin jirgi. A bakin ƙofar shiga na ce ta gai da Inna, na ce zan rubuto. Ta ce wasiƙa sai an nemi Malam Jibrin ya karanta, kuma duk abin da na rubuta sai ya ji. “In kana da magana, ka san inda rijiyar take.”

Ta shiga ba ta waiwayo ba. Da na dawo na tarar da safar hannun a kan tebur, a wanke, a ninke.

Litinin, 16 ga Yuli

Na bar famfo yana zuba ina aske gemu, sai na ji kamar an mare ni. Na rufe.

Lahadi, 29 ga Yuli

Mako biyu ina hawa saman bene bayan la'asar. Da tsumma. Jiya Mista Lam ya yarda na mai da ƙarfen, yau na sami gwangwani ɗaya cikin jifa goma sha tara, shi ma ina jin iska ce ta ture shi. Tafin hannuna duk ya yi bororo, biyu sun fashe, tafireta ma da ƙyar. Tsohon ya kawo mini safar fata ya ce in sa. Na ce a'a, ba a jin igiya ta cikin safa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya mai da safar aljihu.

Na yaga babi uku na farko. Lado yana nan, amma yanzu shi ne mai riƙe wa wata kaya.

Na miƙa takardar neman hutu, watan Satumba. A wurin dalili na rubuta duba mahaifiya, kuma gaskiya ne. Akwai kuma binciken littafi, marubuci sai ya riƙe abu kafin ya rubuta shi. Ba wani abu ba ne ya wuce wannan.

Na tambayi Mista Lam kwana nawa bororo ke yi kafin ya zama kanta. Ya ce wajen mako shida, in ba a daina ba. Na duba kalanda. Zai yi daidai.